Littafin aikin YIG da filatinam a Damagaram: daga hunturu zuwa bazara

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Guntun YIG ya iso lafiya, ba tsagewa. Wani abokin karatuna da ke aiki a ɗakin bincike a Turai ne ya yanko mana shi daga ragowar nasu, ya ba matafiyi ya kawo. Milimita 5 ne kowane gefe. Mafi yawan kaurinsa lu'ulu'un GGG ne, haɗin gadoliniyam da galiyam da oksijin, mai rabin milimita, a kansa aka shimfiɗa YIG mai kaurin maikuromita kaɗan, sannan aka shafa filatinam a sama, kimanin nanomita 10.

Ga wanda bai biyo maganar tun farko ba: YIG haɗin itiriyam ne da ƙarfe da oksijin. Bertaut da Forrat suka bayyana shi a Grenoble ta Faransa a 1956. Abu biyu suka sa masu wannan fanni ke ji da shi. Lantarki ba ya ratsa shi, kuma cikin abubuwan maganaɗisu da aka sani babu wanda kaɗawarsa ke daɗewa kafin ta lafa kamar shi.

Kaɗawar nan ita ce tushen aikin. In maganaɗisu yana cikin filin wani maganaɗisu mai ƙarfi aka ɗan ture alkiblarsa, ba ya komawa kai tsaye, kewaya alkiblar filin yake yi, kamar katantanwar da yara ke murzawa in ta fara layi, kanta na zana da'ira. Landau da Lifshitz suka rubuta lissafin kewayen a 1935, Gilbert ya gyara ɓangaren lafawar a 1955. Saurinsa kimanin gigahaz 28 ne ga kowace tesla, ma'aunin ƙarfin filin. In aka buga masa igiyar maikurowef mai daidai wannan saurin, sai ya shanye ƙarfinta. Griffiths ya fara ganin haka a Ingila a 1946, Kittel kuma ya nuna a 1948 cewa siffar abin, ko dunƙule ne ko shafe, tana canja inda za a sami shanyewar.

Duk wannan tsohon labari ne. Mu abin da muke nema shi ne inda amsa ke daina bin gwargwadon turi, ka ninka ƙarfin igiyar amma kaɗawar ta ƙi ƙaruwa yadda lissafi ya ce, da kuma abin da ke samun kwararar sifin, wato ɗan juyin da elektaron ke ɗauke da shi, da YIG ke zubawa cikin filatinam idan aka kai wannan gaɓar. Mu uku ne: ni da ɗalibai biyu na Jami'ar André Salifou, mace da namiji, da ke zuwa bayan la'asar. Wurin aiki zauren gidana ne a Sabon Gari.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kayan ba su da yawa. Mai samar da igiyar ɗan allo ne mai ɗauke da ADF4351, yana fita daga megahaz 35 har gigahaz 4.4, ƙarfinsa bai wuce miliwat 3 ba. A ɗaya gefen akwai AD8318 da ke auna abin da ya fito, ɗan allon sarrafawa na Arduino na karantawa yana tura wa kwamfuta. Tsakaninsu layin tagulla ne mai faɗin milimita 3 a kan allon lantarki na yau da kullum, faɗin da ke ba da om 50. A kan layin nan guntun zai kwanta, GGG a ƙasa, filatinam a sama, don mu sami wurin manna waya.

Lissafin Kittel ga shafen da fili ke kwance a jikinsa ba wuya. Ka ɗauki ƙarfin filin, ka yi sau da shi kansa haɗe da maganaɗisun YIG, wato tesla 0.175 a zafin ɗaki, ka cire tushen murabba'i, ka yi sau da 28. Ɗalibar ta rubuta a allo: gigahaz 2.5 na son militesla 37.5, gigahaz 3 na son 51, gigahaz 4 na son 80. Ke nan ba mu bukatar irin katon maganaɗisun lantarki da ake sanyaya wa da ruwa. A Damagaram ma ina ruwan da za a ɓata a kan haka?

Da famaloi muka samu, haɗin nikel da ƙarfe da yawancin masu bincike ke farawa da shi, da aikin bai yiwu a nan ba. Lambar lafawarsa wajen 0.008 ce, ta YIG mai kyau kuwa 0.0001 ko ƙasa da haka. Miliwat 3 ba abin da zai motsa a famaloi.

Yau kasuwar Dolé ke ci. Ɗalibin ya zagaya wajen masu tsofaffin rediyo ya samo zoben maganaɗisun lasifika guda biyu masu girma ɗaya.

Litinin, 27 ga Janairu

Zoben lasifika zai ba da babban filin, amma muna son mu riƙa ƙara shi da rage shi kaɗan-kaɗan, don haka sai da naɗin waya. Na kai zanen wajen wani dattijo mai naɗin fanka da injin ban ruwa a Zango. Ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Malam, wace irin fanka ce wannan da ba ta da abin juyawa?"

"Baba, abin juyawar yana nan, ido ne ba ya ganinsa."

"To, Allah Ya sa ya juya."

Ya ƙi siririyar wayar da na nuna, ya jawo mai kauri. Ya ce siririya za ta ɗauki zafi, in ta yi zafi kuran ɗin da ke bi zai ragu ba tare da na taɓa komai ba. Gaskiyarsa: turjiyar tagulla na ƙaruwa kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Da hannu ya naɗa, babban yatsa na danne kowane zagaye kusa da ɗan'uwansa, duk sahu ɗaya ya shimfiɗa takarda ya shafa banish, yana jan layi da alli a jikin bencinsa don kada lissafi ya ɓace masa.

Mai walda na kusa da shi ya lanƙwasa mana ƙarfe ya riƙe zoben biyu suna fuskantar juna, da faranti mai santsi a fuskar kowanne don filin ya daidaita, da noti na matso su ko nisanta su.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun ga ramin, wato inda guntun ya shanye igiyar. Muka tsayar da igiyar a gigahaz 3, muka matsa notin har ma'aunin Hall, mai auna ƙarfin fili, ya nuna kusan militesla 51, sai Arduino ya fara hawa da kuran ɗin naɗin a hankali. Layin da ke allon kwamfuta ya tafi a miƙe, ya faɗa, ya tashi. Ɗalibar ta ɗauke guntun da hantsaki, ramin ya ɓace. Ta mayar, ya dawo.

Ba rami ɗaya ba ne ma. Akwai babba, ga ƴan ƙanana jere a gefensa. Wannan ba abin mamaki ba ne: guntun yana da iyaka, igiyoyin maganaɗisu na kai wa gefe su dawo, kowace tsayuwa da suka yi tana da nata wurin shanyewa. Babban muke bi.

Abin da ya ci mana lokaci shi ne ƙofar zauren. Ta ƙarfe ce, kuma duk wanda ya buɗe ta sai ramin ya ɗan gusa. Haka in maƙwabci ya jingina babur a bayan bango. Filin maganaɗisun duniya a nan ya ɗan haura maikurotesla 30, kuma a wannan yankin kusan a kwance yake, wato a layi ɗaya da namu. Ramin YIG mai kyau bai fi militesla 0.1 faɗi ba. Ke nan in ka juya teburin daga fuskantar arewa zuwa kudu, ka gusar da shi fiye da rabin faɗinsa. Muka zana wa ƙafafun teburin alama a daɓe, ƙofa kuma a rufe lokacin awo. Yaran gida sun koma shiga ta baya.

Ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Guntun yana kwana a kwalba mai murfi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Tun ranar farko ramin ya yi mini faɗi da yawa, kuma ba zurfi. Yau muka jera ƴan na'urorin rage ƙarfi uku a bakin injin, kowace na rage desibel 10, wato ɗaya bisa goma take bari ya wuce. A gigahaz 2.5, duk wadda muka ƙara sai ramin ya ƙara zurfi ya tsuke. Da ta ukun ƙarfin ya sauko ƴan maikurowat kaɗan, kuma bai gama tsukewa ba. Ashe ƙarancin ƙarfi ba shi ne damuwarmu ba. Ya yi mana yawa ne.

A duba ƙanƙantar abin. Miliwat 1 a layin om 50 na nufin kuran na kimanin miliamfiya 6. Filin da wannan ke haifarwa a saman layi mai faɗin milimita 3 bai wuce maikurotesla 1.3 ba, ko kusa da na duniya bai kai ba. Amma tun da yana bugu daidai da saurin kewayen, kuma YIG ba ya saurin zubar da abin da ya karɓa, ya isa ya fitar da shi daga bin gwargwado.

Damon a 1953, da Bloembergen da Wang a 1954, su suka fara cin karo da wannan. Sun ga shanyewar na ƙoshi a ƙarfin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da lissafi ya ce. Harry Suhl na ɗakunan binciken Bell a Amurka ya warware shi a 1957. Kewayen da duk sifin ke yi tare, kai ɗaya, ba shi kaɗai ne motsin da ke akwai ba. Akwai igiyoyin sifin, waɗanda ake kiran ƙwayarsu magnon, kuma zafin ɗaki kaɗai ya isa ya sa a sami kaɗan daga cikinsu kullum. Babban kewayen yana ciyar da su bibbiyu. Muddin abin da suke samu bai kai wanda suke asara ba, shiru kake ji. Da zarar ya haura, sai su yi ta ninkuwa, duk ƙarin ƙarfin da ka zuba su za su kwashe, babban kewayen ya tsaya cik a inda yake.

Hanya biyu Suhl ya nuna. A ta farko magnon ɗaya ke rabewa biyu, kowanne da rabin saurin kaɗawa, suna tafiya baya da baya. A ta biyu guda biyu ke haɗuwa su fitar da wasu biyu masu sauri irin nasu. Ta farkon ƙarfi kaɗan take so, amma tana da sharaɗi: dole a sami igiyar da za ta iya zama a rabin saurin. A shafe mai kaurin maikuromitoci, igiya mafi ƙarancin sauri tana wajen 28 sau ƙarfin filin. Na ba ɗaliban su haɗa wannan da lissafin Kittel. Ɗalibin ya riga gamawa: rabewar na yiwuwa ne kawai in saurin bai wuce biyu bisa uku na gigahaz 4.9 ba, wato 28 sau 0.175. Amsa ita ce gigahaz 3.27, a fili na militesla 58.

Injinmu ya ratsa wannan iyakar ta kowane gefe, kuma saboda haka na zaɓe shi. Muka koma gigahaz 4. Ramin ya riƙe siffarsa, da na'urar ragewa uku, da biyu, da ɗaya. Sai da muka cire duka sannan ya fara ɗan buɗewa, alamar hanya ta biyu ta soma. Muka sauko daki-daki, kuma tsakanin gigahaz 3.5 da 3 halin guntun ya sauya gaba ɗaya. Lissafin layi uku a allo, ga shi a kan teburi.

Wannan ƙoshin ma yana da kasuwa. Ana amfani da shi a na'urorin kare masu karɓar rada, su danne igiya mai ƙarfi su bar raunana su wuce.

Asabar, 1 ga Maris

Ba awo wannan makon. Batirin sola ya ƙi riƙe caji, wutar gari kuma tana zuwa tana ɗaukewa, kuma duk ɗaukewa sai an jira naɗin ya koma zafinsa na da. An kai batirin gyara.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya mayar da mu aikin dare, bayan asham, kuma yawanci a kwamfuta. Ɗalibar ta rubuta lissafin Landau da Lifshitz da Gilbert a Python, ta ɗauki shafen duka a matsayin kibiya ɗaya. Abin da ya fito shi ne wanda Anderson da Suhl suka bayyana a 1955. In kusurwar kewayen ta buɗe, abin da ya rage na maganaɗisu a kan alkiblar filin yana raguwa, saurin kewayen kansa ya canja. In filin a tsaye yake a kan shafen saurin hawa yake, in a kwance ne sauka yake. Sai ramin ya jingina gefe ɗaya. In jinginar ta yi yawa ya kife, har ya zama hanyar hawa da fili daban, ta saukowa daban, kowace da inda take tsalle.

Kifewar na farawa ne in gusawar ta kai kimanin uku bisa huɗu na faɗin ramin. Ga YIG mai lambar lafawa 0.0001 a gigahaz 5, fili a tsaye, faɗin megahaz 1 ne, kuma kusurwar digiri 1 kacal ta isa. A digiri 5 gusawar ta kai megahaz 19. Famaloi a gigahaz 10 sai ya wuce digiri 5 kafin ya fara.

Kibiya ɗaya dai ba za ta taɓa nuna rabewar Suhl ba, tun da ba ta da igiyoyin da za ta ciyar. Wannan sai mumax3, manhajar Jami'ar Ghent ta Beljiyam, wadda ke yanka shafen ƙananan ɗakuna. Tana son katin NVIDIA, mu kuwa ba mu da shi, sai ta Google Colab, kwamfutocin Google da ake ara ta intanet. Kowane ɗaki a YIG bai kamata ya wuce nanomita 17 ba, ga kaurin maikuromitoci. Na ce a ajiye wannan tukuna. Kuɗin data ya fi amfani a wani wurin.

Asabar, 22 ga Maris

Yau filatinam ya yi magana.

Ga yadda abin yake. Kowane elektaron na ɗauke da sifin, ɗan juyi nasa na kansa. Lokacin da maganaɗisun YIG ke kewaye, a daidai inda ya haɗu da filatinam yana miƙa wa elektaron ɗin can wani abu daga juyinsa. Ko ɗigon caji ba ya tsallakawa, tun da lantarki ba ya ratsa YIG, juyin kaɗai ke wucewa. Tserkovnyak da Brataas da Bauer suka rubuta ƙa'idar a 2002. A cikin filatinam, ƙarfe mai nauyi mai lamba 78, elektaron masu sifin sama na karkata gefe ɗaya, masu sifin ƙasa ɗaya gefen. Dyakonov da Perel sun hango irin wannan tun 1971. To a kwararar sifin masu sama na tafiya gaba ne, masu ƙasa na baya, saboda haka karkatar na tara su duka a gefe guda, sai a sami bolt ɗin da za a iya aunawa. Saitoh da abokan aikinsa a Japan suka auna shi a famaloi da filatinam a 2006, Kajiwara da nasa a YIG a 2010. A famaloi akwai rigima, don igiyar na haifar da kuran a cikin famaloi ɗin kansa wanda ke kwaikwayon alamar. YIG ya raba mu da wannan.

Ɗalibin, wanda hannunsa ba ya rawa, ya ɗiga fentin azurfa da tsinken ashana a gefe biyu na filatinam, ya kwantar da silin waya a kowanne, muka jira ya bushe. Alamar maikurobolt ce, hayaniyar ɗakin ta fi ta nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce a riƙa kunna igiyar da kashe ta sau 1000 a daƙiƙa, a ƙara girman abin da ya fito, a shigar da shi ta kafar sautin kwamfuta, a tace abin da ke bugawa daidai da kunnawar kaɗai.

Tudu ya fito a daidai wurin ramin. Ban yarda ba sai da muka yi gwaji biyu. Muka juya guntun da layinsa baya ya koma gaba, tudun ya kife ya zama kwari mai girma ɗaya. Muka daidaita wayoyin biyu a kan layin filin, ya ɓace. Haka ƙa'idar ta ce. A gigahaz 4 da ƙaramin ƙarfi, in ka ninka ƙarfin bolt ɗin ma ninkuwa yake. A 2.5 kuwa tun da wuri yake fara ja da baya.

Litinin, 7 ga Afrilu

Bayan salla muka dawo muka tarar da bazara ta kankama, rana na wuce digiri 40. Ramin da muka bari wuri ɗaya yanzu yawo yake: da asuba yana nan, da azahar ya yi nisa har sai an taɓa noti.

Lissafin ya bayyana dalili. Maganaɗisun YIG na raguwa kusan militesla 0.4 a kowane digiri na zafi, yana gangarawa zuwa digiri 560 a ma'aunin Kelbin inda yake ƙarewa. A gigahaz 4 wannan na tura ramin sama da kusan militesla 0.1 a kowane digiri, wato faɗinsa guda. Zoben lasifika kuma na asarar kashi 0.2 cikin 100 a kowane digiri, militesla 0.16 ke nan daga cikin 80. Maganaɗisun niyodimiyam na asarar kimanin kashi 0.12 cikin 100, don haka za mu canja zuwa shi.

Zafin gari ba shi ne ya fi damuna ba, don a hankali yake tafiya. Mun samo ƴar amfilifaya da ke kai mu miliwat 100, kuma da ita ramin gigahaz 4 ya jingina zuwa wajen fili mai ƙarfi, har hawa da sauka suka bambanta. Ɗalibin ya yi murna ya ce ga kifewar Anderson da Suhl. Ɗalibar ta ce, "Malam, ai igiyar ma tana ɗumama guntun." Nan gizo ke saƙa. Buɗewar kusurwa na rage maganaɗisun da ke kan alkiblar fili, zafi ma haka yake yi, kuma duk gefe ɗaya suke tura ramin. Kusa da tsakiyar ramin guntun ya fi shan ƙarfi, ya fi zafi, ramin ya ƙara gudu gaba. Hoton da za ka gani iri ɗaya ne. Duk wanda ya nuna mini ramin da ya kife bai faɗi yadda ya cire zafi ba, ban ɗauki hotonsa hujja ba, namu ma haka.

Asabar, 19 ga Afrilu

Abin da ya raba su lokaci ne. Kewayen YIG na kai wa matsayinsa cikin ƙasa da maikurodaƙiƙa ɗaya, ɗumamar guntu kuwa na ɗaukar milidaƙiƙoƙi har daƙiƙoƙi. Saboda haka muka daina sakin igiyar a jere. Muna kunna ta na ɗan ƙiftawa, mu kashe na dogon lokaci, ƙarfin kowane bugu yana nan yadda yake amma jimillar zafin ta ragu sau ɗari. Arduino ba ya iya karanta abu mai saurin haka, sai muka aro osiloskof, na'urar da ke zana alamar lantarki a allo.

Sakamako: yawancin jinginar ta tafi, bambancin hawa da sauka ya ɓace. Abin da ya rage shi ne buɗewar ramin da raguwar zurfinsa, da ƴar jingina kaɗan. Ke nan ƙoshin na maganaɗisu ne, kifewar ta zafi ce. Haka ya dace da shafe mai kauri, inda igiyoyin sifin ke da yawa kuma suna kwashe ƙarfin tun kusurwar ba ta buɗe yadda za ta kife ba. Ɗalibin bai ji daɗi ba, amma shi ya zana jadawalin.

Mun kuma mayar da filatinam ɗin ma'aunin zafi. Turjiyarsa na hawa da zafi, kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri in dunƙule ne, a siririn shafe ƙasa da haka, don haka sai an gwada. Garin ya yi mana gwajin kyauta: muka auna turjiyar da asuba, da hantsi, da azahar, tare da ma'aunin zafi a gefe, igiya a kashe. Yanzu muna iya sanin zafin guntun kansa lokacin da igiya ke kunne. Kayan duka sun koma cikin kular ƙanƙara, da buhun yashi a ƙasa don zafin ya daina tsalle.

Litinin, 5 ga Mayu

Yanzu muka iso tambayar da ta sa aka fara aikin. A 2011 Kurebayashi da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa a YIG mai kaurin maikuromitoci, in aka raba bolt ɗin filatinam da ƙarfin da guntun ya shanye, rabon na ƙaruwa a ƙasa da iyakar nan ta rabewa. Bayaninsu mai jan hankali ne: kowane magnon na ɗauke da juyi daidai gwargwado ɗaya, ko mai sauri ne ko maras sauri, saboda haka in ɗaya ya zama biyu juyin ya ninka alhali ƙarfin bai ƙaru ba, ƙarin kuma daga jikin lu'ulu'un yake fitowa. A 2012 masu bincike a Groningen ta Holan suka ga irin wannan ƙaruwa a shafe mai nanomita 200, inda sirantar ta ɗaga ƙasan igiyoyin har rabewar ba ta da wurin zama. Akwai kuma wani abu na daban: in fili a kwance yake kewayen ba da'ira ba ce cikakkiya, a matse take, kuma matsewar na canjawa da sauri, tana taɓa yawan sifin da ke wucewa.

Awonmu na farko ya nuna rabon ya fi girma a gigahaz 2.5 bisa 4. Wannan kaɗai bai zaɓi bayani ko ɗaya ba. Abin da zai zaɓa shi ne siffar hawan. In rabewa ce, ya kamata a ga gwiwa kusa da 3.27, kuma ta ɓace in an rage ƙarfi ƙasa da inda rabewar ke farawa. In matsewar kewaye ce, hawan zai zo sumul, ba ruwansa da ƙarfi. Wahalar ita ce a ƙarfin da ke ƙasa da farkon rabewa bolt ɗin ya nutse cikin hayaniyar kafar sauti, sai an daɗe ana tarawa, daɗewar kuma na ba zafi damar gusar da ramin.

Ba zan sa girman lambobinmu a gaba ba, don ko manyan ɗakunan bincike ba su daidaita kan filatinam ba: kason da yake juyarwa daga sifin zuwa caji an ruwaito shi daga wajen kashi 1 har sama da 10 cikin 100. Rabo tsakanin sauri da sauri a guntu ɗaya shi ne abin da teburinmu zai iya tsayawa a kai.

Tsarin makonni masu zuwa: awo daga gigahaz 2.4 zuwa 4.2, tazarar megahaz 100, a ƙarfi uku, da bugu gajere, tsakanin sallar asuba da fitowar rana lokacin da zafin ɗakin ya fi tsayawa. Ɗalibar za ta sa Arduino ya riƙa bin tsakiyar ramin da kansa yana gyara kuran ɗin naɗin. Na kuma rubuta wa abokina ko za a sami guntu mai nanomita 200 ko ƙasa da haka, da filatinam iri ɗaya, a auna su biyun a kan layi guda. Ya ce sai an sami mai zuwa Yamai.